Ramin Igiya a Bangon Gidan Kumandan

Kakana ba shi da kabari. Abin da ya bar mana wani ɗan rami ne a bangon gidan kumandan, nan Dogon Dutsi, wanda da ƙyar yatsa biyu ke shiga.

Zamanin Nasara aikinsa jan igiyar fanka ne a gidan kumandan, Baturen da ke mulkin garin. Fankar wani faffaɗan ƙyalle ne da aka rataya a ɗakin cin abinci. Igiyarta ta ratsa bango ta fito waje, inda yake zaune cikin rana yana ja, mai gida na shan iska a ciki. Igiyar ta yi ta cin dutsen bangon har bakin ramin ya yi sulɓi. Daga baya aka haɗa shi da masu aikin dole na gyaran hanya, bai dawo ba. Babana yana goye lokacin.

Tun ina yaro, duk Juma'a in an sauko, Baba kan biya ta bayan gidan, ya ɗora hannu a ramin, ya yi wa ubansa addu'a. Gidan ya zama kango, awaki na kwana ciki, bai fasa ba. Mata masu zuwa kasuwa suka riƙa ganinsa, suka yanke cewa aljana doguwa ce a wurin. Ba wadda ta tambaye shi. Sai ga gero, sai ga ƙwaryar nono a gindin bangon.

Da aka tashi gyara gidan a mai da shi gidan tarihi, wasu samari 'yan kasuwa masu wa'azi suka ce sai an toshe wurin shirka. Ina zaune a taron. Malamin makaranta ne ni, surutu sana'ata ce, amma na yi gum, don kada a ce ɗan masu bori ne. Kunyar wannan shirun har yau tana cina.

Yanzu gidan fes yake. Ga gadon kumandan, ga farantansa, ga fankar a rataye babu igiya. Mai zagayawa da baƙi yana nuna ta yana yaba dabarar Nasara.

Bara Baba ya matsa in kai shi, idanunsa sun riga sun tafi. Na kama hannunsa muka zagaya baya. Ya lalubi bangon sama da ƙasa, siminti ne sumul.

"Ɗana, mun ɓata," ya ce. "Wanga ba shi na ba."

"Shi ne, Baba. An shafe shi."

Ya daɗe tsaye, tafin hannunsa a manne da fentin.

"Sa'ad da anka yi shawara, ba wani namu wurin? Ko mutum guda da zai ce musu mi na?"

Na ce, "Babu kowa, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya yarda.