Mutum Huɗu, Ko Ɗaya Ba Ƙari

Jibrilla ya yi shekara ashirin yana tuƙa manya a motar gwamnati. Da ya yi ritaya a 1993, kowa ya zaci Fijo zai saya. Sai ga shi da wata ƙaramar mota Sitalet 'yar Beljiyom, fara, mai ƙofa huɗu, wadda in ya zauna a ciki hularsa ke gogar rufi. Direbobin tashar Iware da ke bakin Kasuwar Jalingo suka yi dariya har da riƙe ciki, suka sa mata suna Akwatin Ashana.

Shi ko a jikinsa. Yakan ce injinta ƙarami ne, jikinta ba nauyi, mai kuwa lasa take yi, ba ta sha. Amma fa sai an yi mata adalci: mutum ɗaya a gaba, uku a baya.

Nan rigima ta tashi, don dokar tashar biyu a gaba ce, huɗu a baya. Fasinja suka fara ƙin shiga motocin layi suna jiran tasa, saboda a cikinta kaɗai mutum ke isa Iware ƙafarsa ba ta sage ba. Saleh, shugaban tasha, ya tare shi.

"Hamma Jibrilla, mota naka ba ya fi na kowa ba. Ka ɗauki shida, ko ka fita a layi."

"To, na fita."

Ya tsallaka titi ya yi fakin a gindin wata ɗorawa. Wata takwas ya yi a wurin yana fakon fasinja, don yawancinsu cikin tasha suke nufa, wani lokacin har azahar bai ɗaga ba. Ya rame, ya ji jiki, amma mutumin nan kansa kamar dutse.

Sai wahalar man fetur ta 1994 ta zo. Fijo-fijon tasha suka kwana huɗu-huɗu a layin gidan mai, ita kuwa Akwatin Ashana galan guda na kai ta Iware ta dawo, ta sake komawa. Ranar wata kasuwa jama'a suka yi dafifi a gindin ɗorawa, Saleh da kansa ya tako da hula a hannu.

"Ka dawo tasha, kai ne lamba ɗaya kullum. Shida kawai za ka ɗauka, ka ga mutane."

Jibrilla na son komawa, wallahi yana so, don kewar hirar tasha ta ishe shi. Mota ta riga ta cika huɗu, sai ga matarsa Zulfa da ƙunshin kaya, za ta Iware sunan jikar yayarta. Saleh ya yi murmushi ya buɗe mata ƙofar gaba.

"Adda Zulfa, shiga ki matsa. Ko ita ma za ka bari?"

Jibrilla ya zagayo, ya karɓi ƙunshin ya mayar mata a hannu, ya rufe ƙofar a hankali.

"Zulfa, ki jira sahu na biyu."

Ta dube shi, ta dubi Saleh. Sai ta gyara mayafi, ta nemi inuwa ta zauna a kan kayanta.

"Malam Saleh, ka koma tasharka," ta ce. "Ni zan jira."