Tagar da Kakaki Ya Kafa

"Ka faɗa a bakin shago, to maimaita mini a nan. Jikarka baƙuwa ce?"

Muryar Maman Auta ce ta ratso bangon da ya raba ɗakina da nasu. Bangon bulo ɗaya ne, ko tari aka yi a can sai na ji. Rana ta take, mijinta ya shigo cin abinci.

"Ke, maganar ƙasa ake yi, ba hirar tsakar gida ba."

"Ni ban san ƙasa ba. Na san yarinyar da kake ɗorawa a wuya kana ce mata Amarya. A ƙetare aka haifi ubanta. In dokar nan taku ta wuce, ita mece ce?"

"Ƙudiri ne, ba doka ba. Sai ya tsallake karatu na uku."

"Ko na ɗari zai tsallake, Malam, ba ni amsa."

Kwano ya daki bango daidai saitin kaina. Sai ƙarar mari. Na zaci kuka zan ji, amma da ta sake magana muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Ba kishin ƙasa ke cin ka ba. Hannun yaron nan ke cin ka."

Ya fita ya bugo ƙofa har sai da ƙasa ta zubo daga silin.

Mai walda ne, amma a layinmu ba wanda ke kiransa da sana'arsa. Kakaki muke ce masa, don shagonsa majalisa ce. Yana da rediyo rataye a jikin ƙusa, kullum a tashar da ke kawo zaman majalisar ƙasa kai tsaye, da benci biyu da ya haɗa da ragowar ƙarfe. Masu faci da direbobi da matasan da ba su da wurin zuwa nan suke yini. In musu ya yi zafi sai ya ɗauki guduma ya buga a teburin ƙarfe ya ce, "A yi shiru a zaure! Ɗan majalisa mai wakiltar bakin kwata, zauna, lokacinka ya ƙare." A kwashe da dariya. Bai yi boko mai nisa ba, amma ya san bambancin kwamiti da ƙaramin kwamiti, ya san wanda ya sauya sheƙa da dalilin da ya bayar da kuma dalilin gaskiya. Sau ɗaya ya taɓa neman kansila, jam'iyya ta ba ƙanin wani tikitin. Ba ya son a tuna masa.

Aikinsa kamar bakinsa yake, ba sassauci. Ƙarfen tagarsa da rodin gini yake yi, mai kaurin babban yatsa, ya narka kowace mahaɗa, ya binne ƙafafun cikin siminti da hannunsa. Yakan ce, "Ɓarawon da ya shiga ta tagata, ni zan biya kayan." Ba a taɓa zuwa karɓa ba.

Yaron da Maman Auta ke nufi shi ne Bahago, mijin 'yarsu. Ya shigo ƙasar nan yana saurayi, da jaka ɗaya, yana kwana a tasha. Kakaki ne ya tsince shi, ya koya masa riƙe wuta, ya yaye shi, ya kuma ba shi Auta ba tare da kowa ya roƙa ba. A lokacin ba wanda ya ji kalmar baƙo a bakinsa. "Ɗana" yake cewa.

Abin ya sauya bayan Bahago ya buɗe nasa shagon a ƙarshen layi. Ɗinkin waldarsa sumul yake fita, sai ka shafa ka rasa inda aka haɗa. Yana kuma da wata dabara: duk ƙarfen tagar da ya yi sai ya fitar da 'yar ƙofa a jiki, da kwaɗo, a rataye makullin daga cikin ɗaki. Ya ce a garinsu ya taɓa ganin gobara ta cinye mutane suna riƙe da ƙarfen tagarsu. Kakaki ya raɗa wa abin suna ƙofar ɓarawo. Amma mutane suka so ta. Ina zaune a bencin ranar da wani mai gini ya zo ya ce, "Kakaki, taga nake so, amma irin ta yaronka." Kakaki ya sauke baƙin gilashi kan idonsa ya ci gaba da walda har mutumin ya gaji ya tafi.

Da Auta ta haihu, Bahago ya gina ɗaki a bayan shagonsa, ƙofa ɗaya ta cikin shago, taga ɗaya mai kallon lungu. Ya riga ya haɗa ƙarfen tagar, da 'yar ƙofarta, sai ga surukinsa da baro, ya turo nasa. "Gudummawata ce," in ji shi, a gaban mutane. "Jikata ba za ta kwana bayan ƙofar ɓarawo ba." Auta ta kalli mijinta. Bahago ya kalli ƙasa. Wannan ubangidansa ne, kuma uban matarsa. Da wane baki zai ce a mayar? Ya ce, "Na gode, Oga," ya kwaɓa masa siminti. Tagarsa ya jingine ta a lungu, Auta na shanya tsummoki a kai.

Sai ga ƙudirin ya iso majalisa. Abin da ya ƙunsa a taƙaice: duk wanda ba a cikin ƙasa aka haifi ubansa ba, ba cikakken ɗan ƙasa ba ne, ba zai mallaki fili ba, ba zai riƙe shago da sunansa ba. Kakaki ya rungumi ƙudirin kamar shi ya rubuta. Da kalmomin rediyo yake kare shi: tsaron iyaka, guraben aiki, makomar matasa. Bai taɓa ambaton sunan kowa ba. Amma duk sanda ya ce "sun ƙwace sana'o'i", ƙarshen layi idonsa ke kallo, kuma ban tabbata shi kansa ya san yana yi ba.

Cikin masu zaman bencin akwai wani da ake kira Ciyaman, shugaban matasan unguwa, mai jajayen idanu, wanda ya haddace maganganun Kakaki har da yadda yake ɗaga yatsa. Shi ya tambaya ranar da aka yi rigimar da na ji ta bango.

"Ranka ya daɗe Kakaki, har da surukinka?"

Da Kakaki ya yi dariya ya buga guduma, da ta wuce. Sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Doka ba ta san suruki ba."

Ciyaman ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda aka miƙa wa makulli.

Ranar karatu na biyu, bayan azahar, rediyon ya kawo mana dambe. Muna jin kujeru na karyewa a zauren majalisa, wani na ihu an fasa masa baki, kakakin gaske na buga gudumarsa ba mai saurare. Aka ɗage zama, aka yanke shirin, aka sako kiɗa. Kafin kiɗan ya ƙare labari ya zagaye layi cewa baƙi sun saye 'yan majalisa, an kashe ƙudiri. Ba wanda ya san bakin da ya fara faɗa. Na duba benci, Ciyaman ba ya nan.

Da mai gyaran waya, wani baƙo a layinmu, su Ciyaman suka fara. Suka fito da shi ta kwalar riga, suka yi ta dukansa da katako har ya daina kare kansa. Suka wuce gidan burodi, shi ma na baƙo, suka farfasa gilashi, suka jefa wa mai shi taya mai wuta ya tsallake katanga da riga na ci. Kakaki na tsaye a bakin shagonsa, hannu a ƙugu, yana cewa, "Wannan ba tsari ba ne. Ba haka ake bin ƙudiri ba." Amma bai taka ko'ina ba.

Sai ƙara ta tashi daga ƙarshen layi, wadda ta girgiza kwanon rufin kowa. Duk mai walda ya san wannan ƙarar. Tukunyar gas ce ta fashe.

Maman Auta ta fito ba mayafi, ba takalmi. "Su Auta suna ciki! Malam, yaron nan ya kulle kansu ciki don kar a taɓa su!"

Ban taɓa ganin dattijo ya yi sauri irin haka ba. An ɗauke wuta tun safe, injin yanka ba zai yi ba. Ya cicciɓi tukunyar gas ɗinsa da ta iska ya jefa a baro, ya ɗora guduma da tiyo da bakin yanka mai feso wutar yanke ƙarfe. Na kama hannu ɗaya na baron muka ruga.

A bakin lungu suka tare mu, fuskokinsu duk toka, wasu da jarkar fetur. Ciyaman ne a gaba.

"Kakaki, ina zuwa? Zama bai tashi ba."

"Matsa."

"Kai ka ce doka ba ta san suruki ba. Mu aiwatarwa kawai muka yi."

Gudumar da yake tsawatar musu da ita ya ɗaga ya sauke a kafaɗar Ciyaman. Na ji ƙashi ya ba da sauti kamar an taka busasshen kara. Ciyaman ya zube yana kururuwa. Wani ya zabga wa Kakaki katako mai ƙusa a ƙeya, wani ya sa masa ƙafa a ciki. Ya durƙusa, ya tashi, jini na bin wuyansa yana shiga riga, yana juya gudumar ta ko'ina kamar mahaukaci har suka buɗe. Yaran da suka yi shekaru suna shan ruwan randarsa ne.

Shagon gaba ya zama wuta zalla, ba ta inda za a bi. A lungu, hayaƙi na fitowa ta taga baƙi ƙirin. Hannayen Auta ne a waje tsakanin ƙarafa. "Baba! Baba!" Bahago na bayanta, ya ɗaga yarinyar ya manna fuskarta a ƙarfe don ta sami iska.

Maƙwabta sun riga sun gwada. Sun sa zarto, haƙoransa suka zube. Sun ɗaura igiya sun ja, ko motsi. Aikin Kakaki ne.

Ya kunna bakin yanka, jini na rufe masa ido. Ya kafa wuta a tsakiyar taga.

"Oga," in ji Bahago daga ciki, cikin tari, da muryar da yake magana da ita tun yana yaron shago, "ba nan ba. Ta ƙasa, kusa da siminti. Ka yanke biyu, ni zan lanƙwasa."

Kakaki bai yi musu ba. Ya sauke wutar inda aka ce. Rodin ya yi ja, ya yi fari, ya fara ɗiga, a hankali kamar ba rai ake jira ba. Kaurin da yake alfahari da shi ne yake cin lokacin. Na farko ya yanke. Na biyu ya yanke. Bahago ya naɗe hannun hagunsa da riga ya kama jan ƙarfen ya tanƙwara shi sama, muna jin ƙaurin fatarsa. Ya turo yarinyar ta ramin, na karɓe ta, jikinta laƙwas amma tana numfashi. Ya turo Auta, ƙarfen ya yage mata baya tun daga kafaɗa, mata suka ja ta.

Shi ramin ya yi masa kaɗan. Ya sa kai, kafaɗu suka ƙi.

"Saura ɗaya, ɗana. Saura ɗaya. Tsaya."

"Ina nan, Oga."

Kakaki ya kafa wuta a rodi na uku. Ya kai rabi silin ya rufto. Wuta ta feso ta tagar ta watsar da mu. Shi bai ja da baya ba. Ya jefar da bakin yankan ya kama ƙarfen da hannu biyu yana jijjigawa yana kiran sunan da ya daina kira tun da daɗewa. Sai da maza suka taru suka ɓanɓare shi, fatar tafinsa ta zauna a jikin rodin.

Bayan kwana kaɗan majalisa ta koma zama. Ta yi shiru na minti ɗaya don waɗanda suka mutu, ta miƙa ƙudirin ga kwamiti, ta tafi hutu. A rediyon mai shayi na ji, don na Kakaki ba a sake kunna shi ba. 'Yan sanda sun kwashi wasu matasa, sun sako wasu. Ciyaman na yawo da hannu a rataye yana gaya wa mutane cewa tsohon munafuki ne.

Auta ta dawo ɗakin uwarta da yarinyar. Ta bango ina jin tarin yarinyar, ina jin Maman Auta na lallashi. Muryar Kakaki ce ban ji ba. In ya shigo, Auta na juya fuska bango. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma ƙara ce masa Baba ba.

Wata safiya na fito zan tafi aiki na tarar da shi a ƙofar gida, kai a ɗaure, hannaye biyu cikin bandeji kamar ƙulli. Ya je lungun ya jawo tagar Bahago, wadda aka jingine, ban san yadda ya ɗauko ta da waɗannan hannayen ba. Hayaƙi ya baƙanta ta, ruwan sama na shekaru ya sa mata tsatsa. Ya jingine ta a jikin ƙofa yana tura 'yar ƙofar da gwiwar hannu. Ta buɗe. Ya mayar. Ta rufe. Faɗinta zai ɗauki ƙaton namiji.

Na gaishe shi. Na raɓa zan wuce sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Maƙwabci, saurara. Ko ƙara ba ta yi." Ya sake turawa. "Tun yana shagona na san ya fi ni."