Jirgin Kawu Bube

Jama'a, wanga labari ba ji na yi ba, wallahi da ni anka yi shi. Lokacin ina noman shinkahwa a hwadamar Wurno, shekarun da anka hwara sako muna ruwa daga dam ɗin Goronyo, ga shinkahwa ta yi kyau, ga kuma jan-baki, tsuntsayen nan da in sunka sauka gonarka, kahin ka sallame la'asar sai kara.

Kullum ce muna akai jirgin heshi na tahe, kullum shiru. To akwai maƙwabcin gonata, Kawu Bube, tsoho mai hwaɗin ƙirji, shi dai ya gaji da jira. Sai ya shige kwalbatin da ruwa ka bi ƙarƙashin hanya, ya cika ciki da iska ya kama ruri, yana bugun ƙirji da tahin hannu, yana kaɗa wani tsohon kwanon ɗaki da ƙahwa. Kai! Ƙara ta taso daga nesa, ta bi bisa kanka, ta ɓace wajen Rabah, tsuntsaye su watse. Masu manyan gonaki sun more shi, amma ko goro, sai dai tsiya: "Direba, yau ina munka nuhwa?"

Ranar da jirgin gaske ya zo, gab da magariba, ba wanda ya sanar da mu. Munka ji ƙara munka kwashe da dariya, wai yau tsoho ya sha hura. Shi ko rurinai ya toshe mai kunne, ga kwalbatin dab da duhuwar da tsuntsaye ka kwana. Yana hitowa magani ya sauka kainai. Ya ɗan kwana biyu yana tari, Allah ya yi mai rasuwa. Waɗanda sunka turo jirgin ko gaisuwa ba su aiko ba. Har yau abin na ci mini rai.

Da shekara ta kewayo, matar Kawu Bube, Inna Hajo, ta dasa ɗan hilin da ya bar mata, shi kaɗai ne abincinta, ba ta da mai kora. Wata la'asar jan-baki sunka ruhe ta baƙi ƙirin, tana kaɗa zane tana kuka, ni kuma nawa sun sha kaina. Sai na ji shi. Rurin, bugun ƙirjin, kwanon. Na ɗaga kai, sama wayam! Tsuntsaye sunka tashi sunka zube gonakin masu ce mai Direba.

Na ce, "Inna, mi kunnena ka ji?"

Ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ce, "Ka ji tarin ga na ƙarshe? Da can ba ya da shi."

Na leƙa kwalbatin, laka ta cike shi, ko kare ba ya shiga.

Don Allah in kuna hwadamar Wurno kunka ji jirgi, ku ɗaga kai. In kun gan shi ku kira na nesa ku gudu. In ba ku ga komi ba, kada ku yi dariya, ku yi ma tsohon addu'a.