Cin Kilishi a Gaban Suruki

Kilishi na tarar mahaifina yana yi, kuma ban taɓa koyon wata sana'a ba. Shagona yana kusa da tasha a Sabon Birni. A da ban san wani abu wai shi talla ba. Da hantsi in an ɗora nama a wuta, ƙamshi ne yake zuwa ya kamo mutum daga cikin mota ya kawo mini shi har gaban tebur. Fatake daga Maraɗi, 'yan kasuwar Shinkafi, ma'aikata masu komawa Sakkwato, kowa sai ya ƙulle na tsaraba. Ni nawa in naɗe in miƙa, ko dogon ciniki ba na so.

Da hanyoyinmu suka lalace saboda 'yan bindiga, baƙi suka ɗauke ƙafa. Wanda ya zo ma ba ya tsayawa, burinsa ya fita gari tun da sauran rana. Sai in yi kilishi ya kwana, ya sake kwana, ina zaune ina korar ƙuda. A cikin wannan hali ne surukina, mahaifin matata, ya baro gonarsa a wajen Tozai. Ya zo da surukata da jikoki, da 'yan buhunan gero da suka iya ɗaukowa. Na ba su ɗakunan da ke kusa da zaure. Geron bai daɗe ba ya ƙare, tukunyar gidana ta koma ta gida biyu, ciniki kuwa kullum baya yake yi.

A wurinmu namiji ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini, haka na tashi na gani. Tun da na auri 'yarsa, tsohon nan bai taɓa ganin bakina yana motsi da abinci ba. Akwai wani suna da aka yi a Isa, ya shigo rumfa ina da goro a baki. Haka na riƙe goron a kunci har ya gama gaisawa da jama'a, ɗaci ya cika mini baki, ban tauna ba ban tofar ba. Da ya dawo gidana da zama sai abin ya zama aiki. Tuwon dare a ɗakin matata nake ci, labule a sake. Shi ma yana taimakona: in zai shigo cikin gida sai ya yi gyaran murya tun daga zaure, ya daɗe yana sallama, don in samu in kawar da kwano. Ina jin nauyinsa ƙwarai, kuma ina son yadda yake ganina da mutunci.

Wani abokina direba, mai jigilar Sakkwato, shi ya fara kawo maganar waya. Ya same ni a shago ya dubi kilishin jiya, ya ce, "Wanga zama da ka ka yi ba shi hisshe ka. Mutane sun koma cikin waya, can za ka bi su. Ka ɗora kayanka, wanda ya saya ni za ni kai mai."

Na buɗe shafi. Na riƙa ɗaukar hoton kilishi a kan faranti ina ɗorawa, da lambar wayata a ƙasa. Mutane suna gani suna wucewa. Masu magana kuwa maganarsu ɗaya ce. Wani ya rubuta, "Wa ya san ko naman jaki ne." Wata ta ce an taɓa cinye mata kuɗi da irin wannan hoton, ba ta sake sayen abin da ba ta ga mai shi ba. Wani kuma ya rubuta abin da ya tsaya mini a rai: "Malam, in na kirki ne, fito ka ci mu gani."

Raina ya ɓaci, don ni ba na sayen dabbar da ban san mai ita ba, kuma ba a yanka mini sai ina tsaye. Amma da na huce na ga gaskiyarsu. Daga yankinmu kaya ke fitowa, inda kowa ya san ana kore shanun mutane. Mutum yana zaune a Kaduna, don me zai yarda da farantin da bai ga mai shi ba?

Tsayawa gaban waya ma kanta tana ba ni tsoro. Ba na son a riƙa yawo da fuskata, ga tsagar Gobir tun daga gefen baki har kunne, ga shi ni ba gwanin magana ba. Amma wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna shi ne cin. Duk abin da aka ɗora a waya a garinmu, kafin la'asar ya kai majalisar da ke gindin bedi, wato dogon yaro, a ƙofar masallaci, kuma nan surukina yake wuni. Abin da nake gudu shi ne a miƙa masa waya ya gan ni ina tauna, a gaban tsararrakinsa.

Sai na yi dabara, wadda a lokacin na ɗauka ta masu hankali ce. Na naɗa rawani na rufe fuska, idanu kawai a waje. Na jingina waya da gwangwani, na ɗaga kilishi na nuna, na cusa yanki ta ƙarƙashin rawanin. Na ɗora. Ban yi tunanin su wa ke fitowa a bidiyo da rufaffiyar fuska a ƙasarmu ba. Kafin azahar an cika shafin. Wani ya ce, "To, ga masu kore shanun sun fara sayar da kilishi." Wani ya tambaya ko daga wane daji ake aikowa. Abokina direba ya kira ni yana dariya har numfashinsa na sarƙewa, ya ce in cire abin nan kafin jami'an tsaro su zo sayayya. Na cire, na kashe wayar gaba ɗaya, na ce na bar wannan harka.

Matata ce ta tayar da maganar bayan 'yan kwanaki. Ta shigo da kwanon awo a hannu, ta nuna mini gindin buhu. Sannan ta zauna.

"Malam, mi ka ka tsoro? Mutanen waya?"

Na ce, "Ba su ba. Baba."

Ta san abin da nake nufi, ita ma ba ta cin abinci a gaban mahaifiyata. Ta ce, "Baba dai ubana na, na hi ka saninai. Kunya ba ta hana shi jin yunwa. Ka tashi mu tai, ni za ni riƙe ma wayar."

Washegari da hantsi muka yi shi a bayan shago, inda nake shanya nama a kan gadon kara. Na sa wankakkiyar riga da hula. Ta tsaya da waya, ta ce in fara. Na yi sallama, na faɗi ko ni wane ne da garinmu da inda shagona yake. Na nuna naman da aka feɗe siriri yana shan rana, na nuna kwaɓin tunkuza da yaji da citta da kanumfari da nake tsoma shi a ciki, na nuna wuta. Da aka zo wurin ci na ɗauki yanki na tsaya da shi a hannu. Matata ta harare ni ta saman wayar. Na yi bisimilla na sa a baki. Maƙogwarona a bushe yake, yaji ya sarƙe ni, na kama tari har da hawaye. Ta yi dariya, wayar tana girgiza. Na ce a sake, ta ce ba za a sake ba, wai a nan ne kawai na yi kama da mutum. Ita ta danna ta ɗora, ni ban iya ba.

Ba zan ce duniya ta taso a kaina ba. An yi ta dariyar tarin, wasu sun zage ni don jin daɗinsu, kamar yadda aka saba. Wata Bayarabiya daga Ibadan ta ga tsagata, sai ta jawo wasan da ke tsakanin Yarabawa da Gobirawa, ta rubuta cewa ashe bawanta ne ke sana'ar, in aiko mata da gaggawa. Na amsa mata cewa Bagobiri ba ya ƙin ciyar da bayinsa, kuma ta saya. Wata mai shago a Sakkwato ta ce a kawo mata ta gwada, bayan mako ta ce a ƙaro. Abokina ya fara tsayawa a ƙofar shagona kafin ya yi lodi. Kilishi ya daina kwana, na auno dawa da gero na kai gida.

Amma hankalina yana gindin bedi. Wani tela maƙwabcin shagona, wanda ba a yin abu a garin nan bai sani ba, shi ya kawo mini labari tun ban tambaya ba. Ya ce tun ranar farko aka kunna bidiyon a majalisa, aka miƙa wa tsohon. Da ya ji muryata sai ya kawar da kai ya fuskanci bangon masallaci. Mai wayar ya gane ya yi kuskure zai kashe, tsohon ya ce a bar shi ya ƙare. Haka ya saurara har ƙarshe bai waiwayo ba.

Daga ranar na shiga wasan ɓuya da shi a cikin gidana. In fita tun bai dawo daga masallacin asuba ba, in na hango shi a zaure in yi kamar na yi mantuwa in juya. Gaisuwa ma a tsaitsaye nake yi, kaina a ƙasa. Na ƙudura a raina cewa ya gama raina ni, kawai dattako ne ya hana shi faɗa.

Wata rana bayan azahar na dawo ɗaukar wuƙa, matata ta ce Baba yana kirana. Bai taɓa aikowa a kira ni ba. Na same shi a zaure a kan buzunsa, shi kaɗai. Na tuɓe takalma na riƙe a hannu, na durƙusa daga bakin ƙofa. Muka gaisa. Yana kallon ƙasa, ina kallon ƙasa.

Ya ce, "An gwada min abin ga naka. Ban duba ba."

Na ce, "Baba, a yi min haƙuri. Hali na ya kawo haka."

"Ban duba ba, amma na ji. Ka yi tari. Yajin ya yi yawa?"

Na ce a'a, tsoro ne.

Ya jinjina kai. Ya daɗe yana jan carbi, har na ɗauka maganar ta ƙare. Sai ya ce, "Shekara nawa kana aure gidana, damana ba ta taɓa wucewa ban aiko ma da damen gero ba. Yanzu tun da munka zo gidan ga, duk lomar da ni ka kaiwa baki guminka ta. Kullum in an aje min kwano sai na daɗe ina kallonai kahin in sa hannu. Kai ka hita ka ci gaban duniya don in samu in ci cikin ɗaki. In akwai mai jin kunya cikin zauren ga, ba kai na ba."

Duk watannin nan ina ta lissafin yadda zai gan ni, ashe shi da abin da yake haɗiya tare da tuwon gidana. Tausayinsa ya kama ni har na ji idona ya cika, na ƙara sunkuyar da kai don kada ya gani. Muryarsa ma ta canza, ya yi gyaran murya ya ce in tashi in tafi, kada rana ta wuce naman.

Na ce, "Allah shi ƙara girma, Baba." Na fita. Sai da na kusa tasha, ƙasa ta fara ƙona mini ƙafa, na lura takalman suna hannuna.