Injin Yaya da Kunnen Inna

Shekarar da yayana ya sayo injin niƙa daga Kano, ya duba duk faɗin Rogo bai ga inda ya dace da shi ba sai jikin bangon ɗakin mahaifiyarmu, Inna. Fili ga shi nan har bakin kasuwa, amma wai a nan ne zai fi sa masa ido. Lokacin ina sabon ango, ina haya da babur, ɗakina yana can ƙuryar gida, amma ni ma sai da na koyi yi wa amaryata magana da hannu.

Inji ne irin na da, baƙi ƙirin, mai shan gas. In aka tayar da shi da sassafe, ƙadangarun bango zubowa suke yi. Kwanukan Inna su kama rawa, ruwan randa ya yi ta ɓari. Akwai wata kaza a gidanmu, wallahi daina ƙwai ta yi, ta koma bin mutane da kallo.

Shi Yaya, a fahimtarsa ɗan Adam buhun dawa ne: da rana a jingine shi, da dare a kwantar da shi, shi ke nan an biya shi haƙƙinsa. Wanda duk ya zauna idonsa biyu bai riƙe komai ba, rago ne. Inna kuwa hutunta ba na barci ba ne. Bayan azahar take shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ta miƙe ƙafa, ta ja carbi, ta saurari kurciya. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta shigo su zauna, wani lokaci har la'asar ba wadda ta ce uffan, su rabu kowacce fuska a sake. Injin ya kashe wannan zaman. Tsohuwar ta daina zuwa, kurciyoyin ma ina jin Tudun Kaya suka yi ƙaura.

Inna ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne. Ni ta aika.

"Ka ce wa wancan ya sassauta mini da rana. Kaina kamar ana sussuka a ciki."

Na same shi fari fat da gari kamar fatalwa, na kwarara masa saƙon a kunne.

"Da dare ina kunnawa ne?" in ji shi da ƙarfi, don ya riga ya manta yadda ake magana a hankali. "Ba tana barci ba? To wane hutu kuma? Noma take yi?"

Ka ji fa. Matar da ta goya shi, ta yi ta surfe da daka har ya zama ƙaton da ya zama.

Inna tana barcin, amma ta tashi kamar wadda ta kwana ɗaukar kaya. Ta rame, ta fara ɓata lissafin raka'a, abin da ya fi komai ƙona mata rai. Ranar nan ta ɗaure tufafinta a zane ta ce in kai ta Beli, gidan ƙanwarmu. Muna barin gari ta dafa kafaɗata ta ce in kashe babur ɗin nan. Muka tsaya gefen wata gona. Shanun Fulani na kwance a inuwar ɗorawa suna tuƙa, ido buɗe.

"Dubi," ta ce. "Ko su an san a bar su."

Gari ya ɗauka cewa inji ya kori uwa. Yaya bai ji ba, da ma me yake ji?

Da kaka ta yi, aiki ya yi yawa, ya hana injin numfashi. Wata rana da tsakar rana injin ya yi tari, ya yi aman hayaƙi, ya yi shiru. Ban taɓa ganin Yaya da ƙwalla ba sai ranar. Ni ya tura Ƙaraye da gudu na ɗauko makaniki. Mutumin ya taɓa ƙarfen ya janye hannu.

"Maigida, kana ba shi hutu kuwa?"

"Ai yana kwana."

"Kwana daban. In rana ta take, kashe shi ya sha iska ya huce, in ba haka ba ka nemi wani."

Ba musu, ba ko tari. Washegari Yaya ya kafa wa inji rumfa, ya yanka masa hutu daga azahar zuwa la'asar, Juma'a kuwa sai an sauko daga masallaci. Yaro ya zo da kwaryar gero a lokacin, sai ya daka masa tsawa: "Ba ka ga yana hutawa ba ne?" Har tsumma yake jiƙawa yana shafa wa injin, saura kaɗan ya yi masa fifita.

Sannan ya sa babbar riga, ya hau bayana muka tafi Beli. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce ya yi dogon tunani, saboda ita ya rage aiki. Bai san tuni na kai mata labarin har da na ƙwallar ba.

Inna ta kawar da kai ta ce da ni, "Tambayi wancan, mai jikin ya samu sauƙi?"

Ta dawo dai, don ɗakinta ne, darbejiyarta ce. Tsohuwar maƙwabciya ta ci gaba da zuwa. Har Inna ta bar duniya, in ta shimfiɗa tabarma bayan azahar takan dubi bangon nan da injin yake jiki ta ce, "Allah ya ƙara maka zafin jiki, mu ma mu samu." Yaya yana zaune a gefe, ya ga bakinta na motsi, ya amsa da ƙarfi: "Amin, Inna!"