Goggo Mai Bajo da Kwamfutoci Biyu

Goggo ƙanwar mahaifina ce. A layin shagunan da take aiki kowa Mai Bajo yake kiranta, domin sana'arta ke nan: bajon makaranta, ɗan tambarin nan da ake ɗinka wa yara a aljihun riga. Shekara goma sha huɗu ta yi a wata masana'antar ɗinki tana tsaye gaban injin surfani. Da masana'antar ta rufe, aka ce kowa ya ɗauki wani abu a madadin sallama. Wasu suka ɗauki kujeru, wasu fankoki. Ita ta ce injinta take so. Ƙarti shida ne suka sauke shi daga mota, sai da aka cire ƙyauren shago kafin ya shiga, kuma tun ranar bai gusa daga inda aka ajiye shi ba.

Dattijo take kiransa. Ba ya komai da kansa. Wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin tebur ce take faɗa masa inda allura za ta sauka, ta wata waya mai kauri da kai mai faɗi, mai ƙananan haƙora tara. Mijin Goggo direba ne, amma ciwon baya ya kwantar da shi shekara uku ke nan, ga 'ya'ya huɗu. Don haka abin da Dattijo ya ɗinka shi ake ci a gidan.

Ƙananan ayyuka suna zuwa jifa-jifa, amma ƙashin bayan shagon wata babbar makaranta ce da ke karɓar bajo ɗari huɗu duk farkon shekarar karatu. Tambarinta buɗaɗɗen littafi ne da reshe kore a ƙarƙashi. Goggo ce ta tsara shi a kwamfuta da kanta, ɗinki bayan ɗinki, ta yi mako uku a kansa. Ba wanda yake da zanen nan sai ita, shi ya sa makarantar ba ta taɓa zuwa wani wuri ba.

Ranar wata Litinin da la'asar ta kira ni ina wurin aiki. Uwata take ce min, don sunan mahaifiyarta aka sa min.

"Uwata, kwamfutar nan ta ɗauke, har tana warin ƙuna. Arba'in kawai na yi, kuma Litinin mai zuwa zan kai. Gobe ki raka ni kasuwa."

Na ce, "Goggo, ni fa ilimin ƙasa na karanta."

"Ba a jami'a ba? To ai shi ke nan."

Na nemi izini a ofis. Da safe muka ɗora kwamfutar a mota zuwa ginin da ake sayar da irin kayan, bene mai hawa uku da matattakala mai ƙunci. Aka nuna mana wani mai gyara da ake kira Injiniya, mutum siriri mai tabarau ɗaure da zare. Da muka ajiye masa ita sai ya tsaya yana kallo. Goggo ta ɗinka wa kwamfutar riga ta yadi mai kauri, da shafi biyu da zif a baya, daidai jikinta kamar an auna.

Ya ce, "Mama, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni. Burbushin zare ne ya yi yawa a shago, kada ya shiga cikinta."

"Ɗinki ya yi kyau. Amma kin dafa ta. Ta ina kike so ta yi numfashi?"

Goggo ba ta yi dariya ba. Ta cire rigar, ta naɗe, ta sa a jaka.

Ya buɗe cikin ya duba. Babban faifan da ake dasa komai a kansa ya ƙone, in ji shi, amma rumbun da ke riƙe da zane-zanenta lafiyarsa lau. Ya ce zai iya haɗa mata wata a cikin akwatin tsohuwar, ya mayar da rumbun yadda yake. Matsalar ita ce faifai mai kafar nan ta haƙora tara, an daina yin irinsa, sai an bi shaguna an nemo tsoho.

"Yaushe?"

"Alhamis, in Allah ya yarda."

Shagon da ke kusa na wani matashi ne mai sayar da sababbi a kwali. Duk abin da ake yi yana jinmu. Ya leƙo ya ce, "Mama, kafin ki yanke, zo ki ga wani abu."

Ya ɗauko wata 'yar kwamfuta ta gwaji, ba ta fi sabulun wanki biyu a jere ba. Baƙa, sumul, ba nauyi. Ya ce an riga an haɗa komai, sai dai a jona. Ba ta da manyan ramukan da zare zai shiga, ba ta jan wuta, ga garanti na shekara. Zanen ma zai kwafe mata su yanzu yanzu. Ya ce, "Kafin azahar injinki yana aiki."

Na ga idon Goggo ya sauya. Ta karɓe ta hannu biyu kamar jaririya. Ni kuma na juya bayanta na duba, ƙananan kafofi ne sirara a jere. Maza uku ne a wurin suna kallo. Na matsa na raɗa mata a kunne.

Ta ce da ƙarfi, "Uwata ta ce ba ta da bakin da Dattijo zai kama."

Mai Kwali ya ce, "Wannan ai ba komai ba ne. Akwai adafta." Ya zaro wata gajeriyar waya, gefe ɗaya siriri, gefe ɗaya mai faɗi.

"Tana yi?"

"Yawanci."

Injiniya ya ce daga bakin ƙofarsa, "Na ga inda ta yi. Na kuma ga inda inji ya tsaya a tsakiyar aiki, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Tsofaffin injinan nan taurin kai gare su."

"Kai dai ka ce kana son ciniki."

"Kai kuma sadaka kake bayarwa."

Goggo ta ce, "Ɗana, ka ara min wannan ta gwajin in je in jona in gani."

Mai Kwali ya ce ba tasa ba ce, ta ubangidansa ce, ba ta fita shago. Kuma sabuwa in an fasa kwalinta ba a dawo da ita sai in ita ce ta lalace. In injin ne ya ƙi ta, wannan ba laifinta ba ne.

Abin da ke hannun Goggo ba zai sayi biyu ba. Muka fito muka zauna a kan matattakala, mutane suna raɓa mu da kwalaye a kai. Ta shiga lissafin kwanaki da yatsu. Dattijo kai ɗaya gare shi, wato bajo ɗaya yake ɗinkawa a lokaci guda, in an wuni ana yi ba hutu yakan fitar da bajo saba'in da 'yan kai. Layin shagonsu kuma ana rufe ƙofarsa da magariba, ba mai kwana a ciki. In ta ɗauki ƙaramar kuma ta yi, za ta gama da sauran lokaci. In ta ƙi, ba kwamfuta, ba kuɗin wata, ba bajo ko ɗaya. In kuma ta jira ta Injiniya, injin zai yi aiki tabbas, amma kwanakin ba za su kai ba sai wani ikon Allah.

"Duba wayarki. Me masu ilimi suka ce?"

Na duba, na daɗe ina dubawa. Wasu sun rubuta cewa adaftar ta yi musu, wasu sun ce asara suka yi. Ban ga ko mutum ɗaya mai inji irin nata ba. Na faɗa mata haka.

"Wai a jami'ar nan taku ba a koyar da i ko a'a ne?"

Na sunkuyar da kai. Ta shiga murza bakin mayafinta har zaren ya fara fita.

Can ta ce, "Rigar kanti in ta zauna wa mutum ta zauna. Amma Dattijo jikinsa ba na kanti ba ne. In na rasa makarantar nan na shiga uku. In na rasa injin kuma, ban san sunan abin da na shiga ba." Ta miƙe, ta dafa bango, ta koma wurin Injiniya.

Laraba ta wuni tana yanka yadi da naɗa zare, ta jera komai don kada minti ɗaya ya tafi a banza. Mahaifina ya ce ya biya ta shagon ya same ta tana goge injin da ba shi da ƙura.

Ranar Alhamis na sake rakata. Injiniya ya samo faifan, yana nan a leda a kan tebur, bai taɓa shi ba. Kwamfutoci sun fi goma a gabansa, kowacce da mai ita a tsaye.

Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. Gobe da safe."

"Ɗana, ni tela ce. Gobe da safen nan a hannunmu kuka koye ta." Ta ajiye jakarta ta jawo benci. "Ba ni sukundireba. Kai dai ka riƙa faɗa."

Ya dube ta, ya dube ni, ya miƙa mata. Ya ce ta fara taɓa ƙarfen tebur kafin ta taɓa komai. Haka ta zauna, mace mai shekara hamsin da wani abu, tabarau a kan hanci, tana ɗaura notuna ɗaya bayan ɗaya. Yana nasa aikin yana waiwayowa. Wannan farar wayar can za ta. A'a, juya ta. Kada ki danna, in ta ƙi shiga to ba wurinta ba ne. Wani ɗan noti ya faɗa ƙarƙashin faifan, ta ciro hantsakin da take tsince zare da shi ta zaro shi. Masu jira suka daina ƙorafi suka zagaye ta.

Mai Kwali ya leƙo ya ce, "Injiniya, ka yi hankali, an zo ƙwace maka shago."

"Ta fi ka dai. Kai ko kwali da kyar kake buɗewa."

Sau biyu ana kunnawa ba ta tashi ba. Goggo ta haɗa gumi, ta sake bin abin da ta haɗa ɗaya bayan ɗaya. Ashe wani siririn faifai ne bai zauna daidai ba. A karo na uku fanka ta juya, allo ya kawo haske, ga zane-zanenta nan a jere yadda ta bar su. Amma la'asar ta yi sanyi, kuma kafin mu ratsa cunkoson motoci mu isa, mai gadi yana sa kwaɗo a ƙofar layin.

Juma'a da sassafe ta jona wayar. Dattijo ya yi 'yar ƙararsa, allura ta sauka. Ba ta yi murna ba, agogo kawai ta kalla. Kwana uku ta yi a tsaye, tana cin abinci da hannu ɗaya. Ta roƙi mai gadi ya ƙara mata ko awa ɗaya, ya ce tun gobarar da aka taɓa yi an hana, aikinsa ne zai tafi. Da aka rufe ƙofa ranar Lahadi, bajo ɗari biyu da talatin da ɗaya ne a jakarta.

Litinin na raka Goggo makarantar kafin in wuce ofis. Shugabar makarantar mace ce mai sanyin murya. Ta saurari komai, ta juya bajo ɗaya a hannunta ta ce aikin Goggo ba shi da na biyu.

"Amma jibi yara za su dawo, masu ɗinka rigunan suna jirana. Akwai babban shagon nan na bakin titi, injinsu kai shida ne, yau ɗin nan za su gama sauran. Sai dai sun ce ba su da zanen. Ki taimaka ki ba su."

Goggo ta ce, "Malama, ki ba ni kwana uku."

"Da ina da su da na ba ki."

"In na ba su zanen, baɗi me zai kawo ki wurina?"

Shugabar ta gyara takardun gabanta, sannan ta ce a hankali, "In ba ki bayar ba za su zana nasu, rabin yara da wani bajo, rabi da wani. Kin san ba zai yi kyau ba."

Muka koma shago. Goggo ta ce in kwafe zanen a filashi, ita ba ta iya ba. Na san ta iya. Ta juya baya tana tattara guntayen yadi a ƙasa har na gama.

"Uwata."

"Na'am, Goggo."

"Da ƙaramar nan na ɗauka, da ta yi?"

"Ban sani ba, Goggo."

"Ki ce min ba za ta yi ba mana."

Na zare filashin na miƙa mata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta karɓi filashin, ta juya shi a tafin hannunta, ta mayar min.

"Kai musu, hanyarki ce. Ki ce wa mai injin kada ya ja koren zaren da ƙarfi. A ƙarshen reshen yake tsinkewa."