Kitsen da Ya Toshe Bututu

Tun yana koyar da kimiyya a sakandare ɗalibai suka laƙaba masa Malam Sarƙa, domin ko gaisuwa kuka yi sai ya kai ka ga sarƙar sinadarin kabon. Ya yi ritaya, amma bakinsa bai yi ba. A wurinsa mai da kitse duk sarƙoƙi ne. Na kitsen dabba miƙaƙƙu ne, suna jeruwa su manne kamar kara a dami, shi ya sa yake daskarewa. Na man girki kuwa a lanƙwashe suke, ba sa jeruwa, sai ya zauna ruwa-ruwa. Matarsa ta sha wannan karatu har ya ginshe ta.

Da likita ya ce jijiyoyin zuciyarsa sun fara cushewa, Malam ya yi wa likitan ma ƙarin bayani, sannan ya yi wa matarsa alkawarin shi da kitse har abada. Amma da zarar ta fita shagonta na ɗinki, sai ya sayo nama mai kitse ya soya, ya tsiyaye ragowar kitsen a wurin wanke-wanke, ya bi da ruwan zafi, ya buɗe taga. Bai ji tsoron ciwon ba kamar yadda yake tsoron ta gane.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bututu ya toshe, mai gyaran famfo ya kwance shi, ya zaro wani farin curi ya aza a faranti.

Matar ta dubi curin ta ce, “Ayya, laifina ne. Man girkina ne ya taru.”

Ga mafita har gida, shiru kawai ake nema. Malam ya cije leɓe. Ina! A yi wa kimiyya ƙarya a gabansa?

“Haba, ke kuwa! Man girki ya daskare haka? Sarƙarsa a lanƙwashe take! Wannan kitsen dabba ne tsantsa!”

Mai gyara ya sunkuyar da kai, ya shiga neman abin da bai ɓata ba a cikin jakarsa.

“Na sani, Malam, ai kai ka koya min,” in ji ta, idonta ya ciko da ƙwalla. “Wannan bututun dai an kwance an wanke. Na ƙirjinka fa, wa zai kwance mana?”

Malam ya buɗe baki, amma yau babu ƙarin bayani.